Kujerar Shugaba a Bayan Taga

Ku da kuke yawon duba darasin ƙanjamau a makarantu yanzu, akwai wata Talata ta wajen ƙarshen shekarun 1970 da har gobe ba ta fita raina ba. Lokacin ko sunan ƙanjamau ba mu taɓa ji ba. Ciwon sanyi ne ya addabi samari, aka sa shi cikin darasin kiwon lafiya, mu kuma aka ce mu bi mu ga ko ana koyarwa.

Ina ƙaramin sufeto, ina zaune a Samaru. Maigidana a aiki Mista Okon ne, mutumin kirki, amma in doka ta ce a tsaya da ƙafa ɗaya, haka za ka kwana. Ƙa'idar ita ce mu zauna a bayan aji tare da shugaban makaranta, mu saurari darasi, mu uku mu sa hannu. Sabon malamin da ya faɗi ba a tabbatar masa da aiki, sallama ce kawai.

Ranar muka je wata sakandaren maza a Sabon Gari. Malamin, Malam Bala, sabo ne, bai daɗe da aure ba. Ya rubuta kan darasi a allo da hannu mai kyau. Yana juyowa ya ga shugaban makaranta, Alhaji Tanimu, ya shigo ya zauna kusa da mu. Shi ke nan, baki ya mutu. Ya koma maganar wanke hannu da yanke farce, gumi har ya jiƙa masa riga. Yara suka fara ƙus-ƙus.

Mista Okon ya buɗe alƙalami. Ya raɗa mini, "Wannan bai san komai ba."

Ni dai na lura tun da safe cewa da Malam Bala zai gaida shugaba sai da ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kuma ko sau ɗaya bai ɗaga ido ya dube shi ba. Ba a yi wa shugaban makaranta irin wannan gaisuwa. Surukinsa ne, uban matarsa. Ina ɗan Zazzau zai buɗe baki ya ambaci al'aura a gaban suruki?

Na gaya wa Mista Okon. Ya ce, "Doka ba ta san suruki ba. Dole shugaba ya ji darasi."

Saura kaɗan a kaɗa ƙararrawa. Alhaji Tanimu a haife ya haife ni, kuma ya fi ni muƙami nesa ba kusa ba. Na dai daure na matsa na durƙusa gefen kujerarsa, na ce:

"Ranka ya daɗe, yaron nan ya san aikinsa. Idonka ne ya ɗaure shi."

Ya dube ni, kallon da na ce yau tawa ta ƙare. Can ya ce, "Dokar taku cewa ta yi in gani, ko in ji?"

Mista Okon ya ce, "Cewa ta yi ka ji."

Alhaji Tanimu ya tashi, ya ɗauki kujerarsa da kansa, ya fita. Muka ji ya dire ta a waje, bayan taga, cikin rana, inda ba a hango ko hularsa.

Malam Bala ya share gumi ya fara. Da farko muryar kamar ta mai zazzaɓi, daga baya ta zauna. Ya faɗi yadda ake ɗaukar ciwon da alamunsa, bai yi kwana-kwana ba. Wani yaro ya ce, "Malam, kafson da ake sayarwa a tasha fa?" Ya ce masa ya kiyayi kansa, asibiti ake zuwa ko da kunya za ta kashe mutum. Mista Okon ya yi ta rubutu har aka tashi.

A ofis Alhaji Tanimu ya sa hannu, wuyan rigarsa sharkaf. Bai ambaci sunan surukin nasa ba. Cewa ya yi da ni, "Ka gaya wa malamin ajin nan ya iya aiki. In ya zo gaisuwa gida kuma, ni ban ji komai ba."

Aka tabbatar wa Malam Bala aikinsa. Ya gaya mini daga baya cewa har dattijon ya rasu, maganar ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba.

Don haka in kun shiga aji kuka ga malami ya yi shiru a kan irin wannan darasi, kada ku yi saurin buɗe alƙalami. Ku waiwaya tukuna ku ga wanda ke zaune a bayan ajin.