Ranar da Wanzami Ya Naɗe Askarsa a Gidan Sufyanu

To, Sufyanu dai ɗan Zulai'atu ne, nan Wara aka haihe shi, gidan masunta. Ranar suna da aka cire mishi beli, kwana uku jini bai tsaya ba. Uwar ta riƙe shi tana ta kallon tsumma, don ƙanenta ma haka ya tahi, ƙugiya ce kawai ta kama mishi hannu. Da Allah Ya tsai da jinin sai ta ce, muddin tana numfashi, ba wanzamin da zai ƙara kusantar yaron.

Ya girma, amma ruwa bai karɓe shi ba. Da gwiwa ta bugi bakin jirgi sai ta kumbura kamar ƙwarya, ta yi zafi, shi kwanta sati biyu. Sai ya koma ɗinkin koma ƙarƙashin mangwaron bakin ruwa, ƙahwa ɗaya a miƙe. Hannu gare shi kuwa, har daga Shanga ake kawo mishi aiki. Ya auri Saratu, suka samu 'yan mata uku.

Abin da ke cin ranshi ba kumburin ba ne. Kumburi kowa na gani, a ce sannu. Amma in ya sace, ciwon ba shi tahiya. Gwiwa ta koma daidai a ido, shi ko shina jin kamar ana murza mishi tsakuwa a ciki. Nan mutane ke cewa ragwanci ne. Wanshi Magaji ya hi kowa.

"Malam na inuwa," haka Magaji ke ce mishi in sun hito ruwa. "Yau wace ƙahwa ce ke hutu, ta dama ko ta hagu?"

Sufyanu shi yi murmushi shi ci gaba da ɗinki. Shekara da shekaru haka.

Bayan rasuwar Zulai'atu da wata biyar, gwiwar ta sake tashi, ta sace, ciwo ya zauna. Magaji ya shigo ya ce mataccen jini ne ya taru, kowa a garin ga ƙaho aka yi mishi ya miƙe, tsoron Inna ne ya hana tun tuni. Saratu ta ce, "Yaya, Inna ta bar magana." Ya ce, "Allah Ya jiƙan Inna, amma ba ita ke ja mana koma ba."

Sufyanu ya gaji da a ce ƙarya yake. Ya ce a kira wanzami, in mutuwa ce ma a gani da ido.

Da hantsi Bilyaminu wanzami ya zo da zabirarsa. Kun san yadda ake yi: sai an ɗora ƙahon an tsotsa fata ta taso, a cire, sannan a tsattsaga da aska, a mai da ƙahon ya ja jini. Ya ɗora, ya tsotsa, ya liƙe bakin. Saratu na bakin ɗaki ta kama ƙyaure. Sufyanu ya kau da kai shina kallon katanga.

Da Bilyaminu ya ɗaga ƙahon sai ya tsaya. Wurin ya yi baƙi ƙirin, kuma baƙin na yaɗuwa ya wuce da'irar ƙahon, tun aska ba ta taɓa ba. Ya danna da yatsa, ya daɗe shina dubawa. Askar na hannunshi a buɗe. Sai ya naɗe ta ya mai da zabira.

Magaji ya ce, "Mi ya hwaru? Tsaga mana."

"Ni ba ni tsaga wagga fata. Shekarata ashirin ina ƙaho, ban ga tsotsa kawai ta yi haka ba. Ku kai shi asibiti, in sun ce a tsaga ku aiko."

Saratu ta saki ƙyauren ta ce, "Alhamdu lillahi."

Daga asibitin Yelwa aka tura su Sakkwato. Magaji ya bi su, wai shi ji da kunnenshi. Aka ɗebi jini aka auna. Likitar, wata mace mai gilashi, ta ce jininshi ba shi daskarewa kamar na kowa, gado ne ta wajen uwa, kuma cikin gwiwar yake zuba. Da ta ji maganar ƙaho ta aje biro ta ce su gode ma wanzamin ga.

Sai Sufyanu ya yi tambayar da ke ranshi. "Likita, in kumburin ya sace kuma ina jin ciwo, wannan fa?"

Ta ce shi ma na cutar ne. Ta ce masu bincike na da ɓeraye masu irin wannan jini, an duba su, bayan jini ya zuba musu a gwiwa sukan daɗe suna janye ƙahwar in an taɓa.

Magaji ya ce, "Ɓera har gwiwa gare shi?"

"Gare shi, Baba. Kuma ba wanda ya ce mishi shi je kamun kihi, balle shi yi ƙarya."

Saratu ta rufe baki da mayafi tana dariya. Sufyanu kuwa hawaye ne suka zubo mishi, babba da shi, bai ko share ba.

Aka yi mishi allura, aka ce in ya bugu shi hanzarta zuwa, kada a murza, kada a tsaga. Ciwon bai bar shi ba har yau, allurar ma wani lokaci akwai, wani lokaci babu. Amma ranar da suka hito tasha za su dawo, mota ta cika, yaran mota na tura mutane baya, Magaji ya dafa ƙofar gaba ya ce ma direba, "Wanga ƙanena ne, ka ba shi kujerar ga. Ƙahwarshi na ciwo."

Sufyanu ya shiga ya miƙe ƙahwa. Saratu ta ce kahin su kai Jega ya yi barci, har da minshari.