Linkin da Ya Ƙi Buɗewa

A shagon cajin waya na kasuwar Rogo, wata mata da ake kira Sadiƙa tana zaune da tsohuwar kwamfuta bisa cinya, gyalenta ya zame ba ta ma sani ba. Da alama ita ta haɗa wa manoman gyaɗa shafin talla. Manhajar shafin tana mayar da alamar & ta koma &amp; har sau biyu a cikin linki, wato adireshin shafin, sai ya lalace, mai saye ya tarar da shafi fari fat. Tana gyarawa, yana sake ɓaci.

Wani dattijo daga cikin manoman ya leƙo. “’Yata, ’yan Kano sun ga gyaɗarmu?”

“Sun kusa, Baba.”

Ya koma kan buhunansa yana murmushi. Ita kuwa ta kasa ɗago kai ta dube shi.