Emilia 'Yar Kambai, Wadda Ta Raka Kanta

Emilia matar ƙanin babana ce, kuma duk wanda ya ce maka tana da sauƙin hali, to bai taɓa sayen citta a hannunta ba. Gajera ce mai manyan hannuwa, ga baki kamar reza. Mijinta ya rasu tun kafin yaƙin basasa, ba ta sake aure ba. Ta riƙe gonar cittarta a ƙauyenmu da ke bayan Kwoi, ranar Lahadi kuma ta zauna a layin gaba a coci tana gyara wa mawaƙa murya ba tare da an tambaye ta ba. Amma ba citta ce ta sa aka san ta ba. Ita ce mai waƙar rakiya.

A ƙauyenmu idan mutum ya mutu, kafin a fita da gawa sai mace ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa ta rera masa waƙa da yarenmu, ta kira sunansa da na ubansa, ta sallame shi. Tsofaffi sun ce wanda ba a kira ba, ba ya samun hanya. Da can mata bakwai ne suka iya waƙar. Coci tana harararsu, mutuwa tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, har zuwa 1975 Emilia kaɗai ta rage. Ranar da ta faɗi, waƙar ta faɗi ke nan.

Ni ne Gilbert, a lokacin malamin makaranta a Kafanchan kuma sakataren wata ƙungiyar raya al'adu da muka kafa mu shida, kowa da biro a aljihu da rawar kai. Akwai wata gidauniya a Kaduna, ba ta gwamnati ba, da ke tallafa wa irinmu. Na yi ta rubuta musu wasiƙa har yatsana ya yi kanta. Daga ƙarshe suka amsa: za su ba mu kwanon rufin ɗakin taro da rekoda, su kuma ɗauki nauyin 'yan matanmu zuwa gasar al'adu, muddin muka naɗi waƙar rakiya a kaset daga farko har ƙarshe. Suka turo jami'insu, wani Mista Martins, mutumin kirki mai yawan duba agogo.

Muka sami Emilia da hantsi tana shanyar citta a kan dutse. Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Wa ya mutu?” in ji ta.

“Ba wanda ya mutu, Mama. Adanawa za mu yi.”

“To sunan wa zan kira? Waƙar ba ta tafiya ba suna.”

Mista Martins ya ce ta sa kowane suna mana. Ta dube shi sama da ƙasa.

“Za ka ba ni naka?”

Ya yi dariya, amma bai bayar ba. Na ce ta kira wani da ya daɗe da rasuwa, ko mijinta ma. Nan ne ta ajiye cittar.

“Kai Gilbert, boko ya cinye maka kai. Wanda aka sallama ya tafi, in sake kiransa ya juyo? In ya zo kai za ka ba shi wurin zama?”

Raina ya ɓaci, na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce in ta mutu da waƙar a cikinta, ita ta kashe ta, ba coci ba. Sai ta shiga ɗaki ta wanke hannu, ta fito ta tsaya a bakin ƙofarta, ta ce a kunna abin.

Rana tsaka ce fa, kaji suna yawo. Amma da ta ɗaga murya sai na ji sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Da ta iso wurin suna, sai ta kira, “Emilia 'yar Kambai,” sau uku, a tsanake, kamar mai kiran wani da ke can ƙetaren rafi. Matan da ke daka a maƙwabta suka ajiye taɓarya. Wasu suka taho da gudu hannu a ka, suka tarar da ita tsaye, suka ja da baya. Mista Martins ya kashe rekoda ya ce bai taɓa jin abu mai kyau haka ba.

Gidauniya ta cika alkawari, ba zan yi musu ƙarya ba. Muka rufa ɗakin taro. Na tara 'yan mata goma sha biyu na sa su haddace waƙar daga kaset, kuma na kafa musu doka cewa ko kalma ɗaya kada a canza, don alƙalan gasa da kaset za su gwada. Wadda ta kuskure, ta sha bulala. Muka ciyo kofi a Kaduna, aka ɗauke mu hoto.

Emilia kuwa ba ta sake rerawa ba. Tsofaffi suka ce wadda aka riga aka sallama ba ta sallamar wani, ita ma ba ta yi musu ba. Ba wanda ya kore ta daga ko'ina. Sai dai a coci bencinta ya riƙa yin fili, a kasuwa a ajiye mata kuɗin citta a ƙasa maimakon a tafin hannu, in ta yi gaisuwa a amsa ana kallon gefe. Bakin nan nata ya mutu. Aka aiko mini cewa yanzu 'yan matana ake kira wurin makoki. Na ji daɗi ma, wai aikina ya yi amfani. Ban tambayi yadda suke rerawa ba.

A daminar 1979 mahaifiyata Clara ta rasu. Na iso da safe, gida cike. Emilia ta zo ta zauna kusa da ni a kan benci, mutane suka matsa. Babbar cikin 'yan matan ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗauki waƙar tsaf yadda take a kaset, har da inda Emilia take jan numfashi. Da ta iso wurin suna, gawar uwata tana kwance a bayanta, sai ta kira, “Emilia 'yar Kambai.”

Na juya, Emilia tana zaune hannuwa a kan gwiwa, ko motsi ba ta yi ba.

“Karo na tara ke nan da aka raka ni,” in ji ta a hankali. “Su taran kuwa ba wanda ya kira su.”

“Mama, ki tashi ki gyara. Don Allah.”

“Ba ni da baki, ɗana. Ka riga ka kai shi Kaduna.”

Maza suka sunkuya za su ɗauki akwatin. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ni da nake yi wa tsofaffi dariya. Shekara huɗu ina yawo da kaset ɗin nan a jaka, amma ko baiti ɗaya ban iya ba. Na miƙe na tare ƙofa, namiji, da kwat ɗina, a wurin da namiji bai taɓa tsayawa ba. Na buɗe baki, ba waƙa ba komai, na ce, “Clara.” Sai na tsaya cak, domin sunan ubanta ya ɓace mini ƙaf, kuma duk wanda na duba sai ya sunkuyar da kai.