Ranar da Inna Ta Shiga Jar Motata

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da Inna ta shiga jar motata. An daɗe da yin abin, amma har yau ina ganinta tsaye a ƙofar gida, rungume da ƙullin kayanta, tana bin motar da kallo tun daga hanci har wutsiya.

Bari in fara da motar. 'Yar ƙarama ce irin ta tsere, kujera biyu kacal, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya. Motar Kwatano ce na sayo a Kaduna lokacin ina ji da ƙuruciya da taurin kai, ina aikin malamin gona a Shanga, ina kwana Yelwa. Ranar da na shigo da ita gari na sha ba'a. Wani dattijo a majalisarmu ya zagaya ta, ya ce, "To Malam, mun ga ɗiyar, ina uwar?" Kuma da gaskiyarsa. A wurinmu mota ta jama'a ce, ka ɗauki maƙwabci, ka ɗauki buhun shinkafarsa, ka kai mai naƙuda asibiti. Tawa kuwa ko kwandon kifi sai an yi dabara yake shiga.

Wahala kam na sha ta. Cikinta a ƙasa yake, kowane tudu sai ya gaishe ta. Bakanikena in ya hango ni sai ya dafe kai, don kayanta ba a samunsu a nan kusa, sai an aika an yi ta jira. Da rufin ya fara yoyo, mai ɗinkin takalmi na kai wa ya ɗinke. Salansa kuwa ta sha walda har muryar motar ta canza, ta koma wani irin gurnani da duk unguwa aka sani. Duk da haka ina sonta, wallahi ina sonta. In na fito da sassafe na naɗe rufin, iskar kogi tana dukan fuskata, ji nake ba wanda ya kai ni.

Da iyali suka ƙaru, surutu ya ƙaru. Mai ɗakina ta gaji da hawa babur da goyo alhali mijinta yana da mota. Na ƙi, na ƙi, har na sallama. Wani saurayi daga Kwantagora ya zo ya gani, ciniki ya faɗa, muka yi hannu a kan zai zo ranar Asabar da yamma ya ɗauka. A raina na ce wadda za ta fi kowa murna ita ce Inna, don ƙanwata ta sha kawo mini saƙonta: "Ku gaya ma wancan ya rabu da wanga gwangwani."

Wancan ɗin ni ne. Ni ne ɗan fari, Inna kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari gam. A hannun kakata na tashi. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta zama kusa da ni, in tana da magana sai ta bi ta kan ƙannena. Ranar Juma'a nake zuwa gaishe ta, in durƙusa a bakin ƙofa, ta ce "lahiya" fuskarta na kallon bango, in tashi. Na san al'ada ce, amma in faɗa muku gaskiya, abin yana ci mini rai ko da na girma. In na ga autanmu kwance a gadonta yana buɗe mata kwalla yana ɗibar ƙuli-ƙuli, tana zaginsa tana dariya, kishi nake ji, da gemuna da komai. Na daɗe ina tambayar kaina ko ina cikin ranta ma kuwa.

Ana gobe za a ɗauki motar, bayan an sauko Juma'a, sai ƙanwata ta kira ni. An aiko daga ƙauyensu Inna, can bakin tafki gaba da Wara, cewa Kawu ba shi da lafiya sosai. Shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu. Ƙanena mai babbar mota yana Birnin Kebbi, motocin haya kuma sun riga sun tashi. Ba yadda za a yi sai tawa.

Da na isa ƙofar gida, Inna ta gama kallon motar, ta juya wajen ƙanwata. "Ina bayanta?"

"Inna, ba ta da baya."

"To ke ina za ki zamna?"

"Ni ai ba ni zuwa. Ku biyu ne."

Ta daɗe tsaye. Na tabbata da ba don Kawu ba, da komawa ciki za ta yi. Daga baya ta yi bismilla ta lanƙwasa ta shiga, ta ja mayafinta ta ɓangarena ya zama labule, ta mai da fuska taga. Kafaɗarta da tawa ko taƙi ɗaya babu a tsakani. Tun da aka yaye ni ban taɓa kusantarta haka ba.

Muka kama hanya shiru, sai gurnanin salansa. Na ce, "Inna, iska ba ta yi yawa ba?" Ta ce, "Uhm." Na ce ko in saya mata ruwa. Ta ce, "Uhm-uhm." Na haƙura na riƙe sitiyarina.

Da muka bar kwalta bayan Wara sai ga matsala. Damina ce, ruwa ya yanke hanya ya bar wani kwazazzabo da babur kaɗai ke iya bi. Na fito ina ta zagaye ina huci, sai ga masunta sun taso daga tafki da komarsu a kafaɗa. Suka tsaya suka ci dariya son ransu. Babbansu ya sa hannu ɗaya ya girgiza motar, ya ce, "Wagga? Jirgina ya hi ta nauyi." Na ce bari in fito da tsohuwa, ga shi tana fama da gwiwa. Ya ce, "Bar Inna ta zamna abinta."

Suka kewaye motar, ni na kama ta gefen ƙofarta. Ya ba da murya irin ta jan jirgi, suka amsa gaba ɗaya, sai ga jar motata a sama da Inna a ciki. Ta yi salati da ƙarfi, ta fiddo hannu ta taga ta cafke wuyan hannuna, ba ta saki ba har muka dire ta a ɗaya gefen. Da ta ga abin da ta riƙe sai ta janye da sauri, amma na ji tana dariya a ƙarƙashin mayafi. Ni kuwa wurin da ta riƙe na yi ta kallo kamar wawa.

Kawu dai mun same shi zaune, zazzaɓin ya sauka, yana shan kunu yana faɗan wa ya ce a tada wa mutane hankali. Muka kwana can. Da safe muka tarar masuntan sun cike ramin da duwatsu da itace, muka lallaɓa muka wuce.

Muna hawa kwalta, fuskarta na taga, sai na ji ta ce, "An ce sai da ta za ka yi."

Na kusa sakin sitiyari. Na ce, "E, Inna, yau mai ita zai zo. Ai kin huta."

"Wa yac ce maka na gaji?" Sai ta ci gaba. "Ta bayan ɗakina kake wucewa in ka taso aiki. Tun daga nesa nika jin kukanta. In na ji, sai in tashi in yi alwalar magariba hankalina kwance. Ran da ba ta wuce da wuri ba, tuwo ba ya shiga, kuma wa zan tambaya?"

Na ce, "To, Inna, gwangwanin fa da kike cewa in rabu da shi?"

"Gudu kake yi da ita. Tsoro nika ji."

Na gangara gefen hanya na kashe mota. Ƙato da ni, na kifa kai a sitiyari na yi kuka sosai. Ashe duk shekarun nan da nake wucewa a guje ina burga, akwai mai kasa kunne a bayan wannan bangon. Ta bar ni na ɗan yi, sannan ta ce, "Tada mota, mutane na kallo."

Na ce mata na fasa sayarwa. Ta ce, "Ba ka ba shi hannu ba? Magana zarar bunu ce. Ka ba yaro motarsa." Da yamma saurayin ya zo. Na nuna masa inda rufin ke yoyo, na gaya masa ya riƙa hawa tudu a karkace, na miƙa makulli. Na tsaya a bakin titi har na daina jin ta, raina ba daɗi ko kaɗan.

Ranar Litinin da na taso aiki a motar haya, ban wuce gida ba. Na sauka, na shiga, na tsaya a ƙofar ɗakinta na ce, "Inna, na dawo." Daga ciki ta ce, "Madalla." Haka muka riƙa yi kowace yamma har Allah Ya karɓi abinSa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban sake neman hakan ba.

Abin da na koya ke nan: wanda bai iya faɗa maka yana sonka ba, kada ka yanke masa hukunci da shirunsa. Kuma in kana da mai jiran dawowarka, kada ka bar shi yana sauraren titi. Ka shiga da ƙafarka ka ce ka dawo, tun da sauran mai amsawa a ɗakin.