Gunvor da Motar da Ke Mutuwa a Bakin Ruwa

Ƙarfe bakwai na safe Gunvor Tveit take ɗaga ƙofar garejinta mai kallon tashar jirgin fito. Ta ɗora kofi, ta yanka burodi da cuku, ta tsaya tana kallon gajimare kwance a kan ruwa, duwatsun tsallake suna ɓacewa suna dawowa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye sifana.

Da kunne ta koyi kanikanci. Da motoci suka koma masu kwamfuta, ta sayi na'urar gwaji, wadda ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta fito da lambar matsala. Sai dai ba ta goge lamba sai ta ji ranar da abin ya faru, da wurin.

Solfrid, nas mai bin gidaje, shaida ce. Kullum takan shiga jirgin fito da motar aiki, wadda ita kaɗai ce ofishinsu ke da ita, zuwa ƙaramin tsibirin da ke gabanmu, don yi wa Ottar allurar ciwon suga. A lokacin shekararsa tamanin da bakwai, shi kaɗai a gidan da aka haife shi. Sau uku motar na mutuwa wajen fita daga jirgin, aka dawo da ita ba a yi allura a kan lokaci ba. Takarda ta zo daga hukuma: in aka sake, za a kai shi gidan kula da tsofaffi a birni.

"Lambar ba ta canjawa, P0335," in ji Solfrid da ta kawo motar garejin. "Sau biyu a birni suna sake abin da ke lura da juyawar inji. Ko motar ce ta tsani Ottar?"

"Wa ke son Ottar? Miƙo littafin aikinki."

Na'urar ta nuna halin da injin yake ciki lokacin da ya mutu: tafiya a hankali, nauyi mai yawa. Gunvor ta rubuta ranakun nan uku da sa'o'insu, ta daɗe tana kallon taga. Can ta miƙe ta ciro jadawalin cikar teku da janyewarsa da ke manne a bango. Duka ukun sun faɗo a lokacin da ruwa ya fi ja baya.

Ranar da ruwan zai sake janyewa ta bi Solfrid, na'urar a cinyarta. Jirgin ya yi ƙasa, gadar fita ta miƙe kamar tsani. Suna fara hawa layin da ke allon na'urar ya yanke, motar ta mutu. Robar da injin ke zaune a kai ce ta cinye. In hawa ya yi tsauri sai injin ya kishingiɗa ya ja waya. A nan bakin ruwa Gunvor ta ɗaure wayar, suka ƙarasa.

Ottar na bakin ƙofa da sandarsa.

"Ashe kina raye, Gunvor? Na ɗauka tuni kin tafi lahira."

"Naɗe riga a yi maka allura, tsoho. Ba don kai na zo ba."

Ke ce, Gunvor, mai sauraron inji har ya gama magana. Ke ce kika san na'ura tana faɗin inda ciwo yake, amma ba ta faɗin abin da ya jawo shi. Mun gode miki.

Masu tasowa a sana'ar, kafin ku danna gogewa, ku tambaya: yaushe, kuma a ina? Bayan kowace lamba akwai wanda ke jira a wata ƙofa. Ottar ya cika tamanin da tara a bana, kuma har yanzu daga tagarsa yake ganin jirgin safe yana tahowa.