Malam Kyari, Wanda Ya Riƙe Mini Jibrin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Laraba, 11 ga watan Fabrairu, 2015, Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu Malam Kyari mai gyaran kwamfuta, a gidansa da ke Yakasai, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Ina cikin sharar tsakar gida na jiyo salatin mata ta kan katanga, na yar da tsintsiya na zauna a bakin rijiya.

Na yi kuka, Malam. Amma ba zan ɓoye ba, cikin kukan nan akwai hamdala. A shekarun nan mun ga mutum ya fita cefane, sai takalminsa aka dawo wa iyalinsa da shi. Kai kuwa a kan shimfiɗarka ka cika, matarka Hajiya Salma na riƙe da hannunka, kalmar shahada a bakinka. An yi maka wanka, an sa ka a likkafani, an sallace ka a ƙofar gidanka, kowa ya san inda kabarinka yake. Ciwon da ya hana ka zama ya hana ka kwanciya ya ƙare. A wannan zamani, ko wannan kaɗai arziki ne.

Alherinka a unguwa ba ɓoyayye ba ne. In aka daɗe ba wuta, wayoyin matan layinmu a zaurenka suke cin caji, kuma ba ka taɓa rikita ta wance da ta wance ba. Ranar da maigidana ya rasu, kai ka shimfiɗa tabarmi, kai ka naɗe su. Sa'ad da tashin hankali ya yi tsanani, wasu suka fara yi maka kallon zargi don kawai kakanninka daga Borno suka zo, alhali a lungun nan aka yanke maka cibiya. Ba ka fasa gaishe su ba, ba ka fasa gyara musu kaya ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar autana, Jibrin.

Shekarar da aka hana acaɓa a Kano, Jibrin ya rasa sana'a. Gidan gem ɗin da yake zuwa buga ƙwallo a kwamfuta shi ma aka rufe, don kowa tsoron taro yake. Ya sayar da babur ɗinsa, ya koma zaman majalisa a bakin titi daga la'asar har magariba. A majalisar nan wani baƙo ya fara zuwa, mai fara'a, yana saya wa samari shayi, yana tura musu wa'azi a waya. Jibrin ya daina dariya a gida. Ya fara yi mini gyara a abubuwan da tun kafin a haife shi nake yi. In ya fita, zuciyata sai ta bi shi, ban san wa zai riga ɗauke mini shi ba, baƙon nan ko masu kame.

Ban kai maka ƙara ba, Malam, kai ka lura. Ka tare shi a ƙofar zaure ka ce, “Kai gwanin ƙwallo, ka taɓa ganin cikin abin da kake dannawa? Zo mu haɗa maka taka, wadda ba mai rufe maka ita.”

Da kuɗin babur ɗin aka fara. Akwatin da ake jera kayan a ciki da fanka da sauran tarkace duk suka samu cikin sauƙi, wasu sababbi, wasu na hannu. Sai aka zo kan furosesa. Jibrin ya kwatanta mini shi: ɗan ƙarfe ne fale-fale, bai cika tafin hannun jariri ba, amma shi ne ƙwaƙwalwar injin. Kuma sai an tsai da shi kafin a sayi allon da zai zauna a kai, don kowane iri da gurbinsa. Iri biyu ne a gabanku. Ni da kwalayensu na san su, ɗaya ja, ɗaya shuɗi.

A nan aiki ya tsaya cak. Yau ka yabi mai jan kwali, ka ce ƙarfi gare shi kamar ingarma, ga sauƙin kuɗi. Gobe Jibrin ya zo ya ce ya yarda, sai ka shafa gemu ka ce, “To, amma fa yana ɗaukar zafi, kuma nan Kano ce. Ga cin wuta. Ɗan janaretanku zai ja shi da fankar Ummanka tare?” Ya koma kan shuɗin, ka ce masa ai ba a auren mace don kwalliyar lefe, ya buɗe injinan mutane da ke jiran gyara ya gani da idonsa. Ya kwance, ya goge, ya shafa wa ƙwaƙwalwar man nan mai kama da na goge baki, ya mayar, ya kunna gem, ya ɗora hannu ya ji ɗumi. Kullum sai an kira magariba kuna musu.

Har damina ta sauka ba a zaɓa ba. Jibrin ya dawo yana huci ya ce, “Umma, tsohon nan gasa ni yake. Gobe ba zan koma ba.” Ni kuwa na san in ya bar zaurenka, majalisar nan zai koma. Na yafa mayafi na shiga wurin Hajiya Salma, ta aika aka kira ka tsakar gida.

Bayan gaisuwa na ce, “Malam, ɗan abin da bai kai ƙosai ba, shi ne ya gagare ku tun bazara? Ko amarya ce ai da yanzu ta tare.”

Ka yi dariya har ka riƙe ƙugu, sannan ka rage murya. “Maman Jibrin, tun ranar farko na san wanda ya dace. In na faɗa masa, kwana biyu mun gama, ya ɗauki kayansa. Gem kuma ana gajiya da shi. Musu da tsoho ne ba a gajiya da shi, don yaro ba ya son a ce an kayar da shi. La'asar ɗinsa nake saye. Ki je ki ce masa na ce ko shekara zai yi ba zai gane bambancinsu ba.”

Na je na faɗa masa haka, ban rage ko kalma ba. Washegari tun kafin a idar da sallar la'asar yana bakin zaurenka.

Ba a daɗe ba abin da nake tsoro ya faru. Wata rana da yamma motocin jami'an tsaro suka tsaya a bakin titi, aka kwashe duk wanda ke majalisar. Baƙon nan kuwa tun kafin ranar ya ɓace, tare da samari biyu. Ina jin ihu na fita ba takalmi, ina ture mutane, ina kiran sunan ɗana. Ƙafata ce ta kai ni zaurenka. Na ɗaga labule na same shi durƙushe a gaban buɗaɗɗen inji, sukurudireba a hannu, yana cewa, “Baba, wallahi wannan karon ba ku da hujja.” Na jingina da bango na sulale ƙasa. Kai kuma ka dube ni, ka miƙo mini ruwa a kofi.

Cikin waɗanda aka kwashe, wasu sun dawo, wasu har yau iyayensu mata na sa kunne in an taɓa ƙofa. Ina jin nauyinsu in mun haɗu a gidan suna. Allah ya bayyana musu 'ya'yansu.

Daga baya Jibrin ya zaɓi mai shuɗin kwali. Ya zayyana maka dalilansa: bai cika zafi ba, bai cika shan wuta ba, kuma gem ɗin da yake so ya fi tafiya sumul a kansa. Ka ce, “Madalla, da ma shi ne.” Ya ce, “Haba Baba! Shi ne kuka bar ni ina ta zufa?” Ka ce, “Zufar ce ta koya maka sana'a, ja'iri.”

Gaskiya ka faɗa. Da ciwo ya kwantar da kai, shi ya riƙe zauren, kuma ba inji ɗaya da aka mayar ba a gyara ba. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka, ya dawo da ƙasar kabarinka a gwiwar wandonsa. Ya shige ɗaki ya daɗe, ina jin shesshekarsa. Na tsaya a bakin ƙofa ban hana shi ba. Ɗana ne yake kuka a cikin ɗakinsa, a cikin gidan ubansa, da ransa da hankalinsa. Na ɗaga hannu na gode wa Allah.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Salma, da mahaifiyarsa Ya Kaka, da 'ya'yansa Khalifa da Zuhra, da dukan 'yan'uwa da mutanen Yakasai. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ya Allah, ka jiƙan Malam Kyari, ka yafe masa kurakuransa, ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka kawo mana ƙarshen wannan fitina a ƙasarmu. Ya Ubangiji, ya bar marayu biyu a wannan gari. Ka tsare masa nasa kamar yadda ya tsare mini nawa. Amin.