Mesa a Rumbun Baba

Ranar kasuwar Gangara ce, cikin ranin da ya biyo bayan farin 1984, na tarar da wani tsohon gardi a gindin gawo da kwanduna biyu. Ya ce kudu zai nufa, ba shi da abin ciyar da mesoshinsa, duk mai so ya ɗauka. Shekarata goma sha ɗaya, na bar lakol, wato makarantar boko, kuma abu ɗaya ke damuna: dami uku na irin hatsi da Baba ya bari a rumbu kafin ya tafi ci-rani. Ɓeraye sun gano su. Kullum na leƙa sai in ga ƙaiƙayi ya ƙaru a ƙasa, ga kyanwarmu yunwa ta kore ta.

Babbar mesar ta fi kyau, amma na tuna da 'yar akuya ɗaya da ta rage mana, na zaɓi ƙaramar. Sau uku ina tambaya ko tana da dafi, har gardin ya ce, "Yarinya, ba ta da shi. Ki dai ba ta ruwa da inuwa."

Inna ta rantse ba za ta zauna gida ɗaya da maciji ba. Kakana ya yi dariya ya ce, "Bar ta, matata ta samo wa rumbu jandarma mai gadi." Na fara sa ta a tsohuwar randa, na ga zafi zai kashe ta. Sai na kwaɓa laka da kashin jaki, da ruwan da aka ba ni na wanka, na bi tsagogin rumbun ɗaya bayan ɗaya na liƙe, don kada ta sulale. Na saka ta cikin rumbun, na danne murfinsa da dutse. Kowace safiya nakan rage ruwan shana in zuba mata a kasko, in duba dammunan, in sauko, in sake hawa don zuciyata ba ta yarda ba.

Da ruwan shuka ya sauka Baba bai dawo ba. Ni da Inna muka sauko da irin, muka sussuka, ya ishe mu gonar bayan gari. Inna da kanta ta ɗaukar mini kwandon mesar har bakin fadama, muka sake ta.

Yau iri a ganga muke rufe shi da magani, babu mai hawa rumbu da kasko. Ya fi sauƙi, na sani. Amma ba a yi wa ganga ban kwana.